Yatsu Uku a Choggu

Ɗanlami da Adiza, na san abin da aka gaya muku game da rabuwata da babanku, domin ni ma an gaya mini, a gidajen biki, da bakin matan da ba su san ni ce ba. Wasu sun ce shiga sinima na yi kaina ya kumbura na raina miji. Wasu sun ce Bature ne ya yi mini alkawarin kai ni Akra. Kai kuwa Ɗanlami, a Kumasi an raine ka a kan cewa uwarka ta tsaya gaban liman ta tona wa ubanka asiri don ta gaji da shi. Ban taɓa musa ko ɗaya ba, saboda musu yana son yawan magana, ni kuma kun san yadda nake da ita. Yanzu idona ya fara hazo, amma hannuna bai riga ya ƙi alƙalami ba. Bari in rubuta muku shekarar nan yadda ta kasance, ku karanta ko ina nan ko ba na nan.

Babanku tela ne a kasuwar Tamale. Garba Tela ake ce masa, kuma alƙalami ne ya kira sunan yanzu, bakina bai taɓa kira ba. Kekensa yana gudu amma bakinsa ya fi keken gudu. Ba ya yin ƙarya don ya cuci wani, wannan ku riƙe shi da kyau. Ado yake yi wa magana kamar yadda yake yi wa wuyan riga. In ya ga kare ya bi akuya da safe, kafin azahar karen ya zama kura, kafin la'asar shi da kansa ne ya ƙwaci akuyar. Mutane sukan kawo ɗinkin da ba ya buƙatar ɗinki don kawai su zauna a rumfarsa. Ni kuwa Gwaggo Larba ce ta raine ni, ƙanwar mahaifina, 'yar fataken goro da suka zo daga Kano suka zauna a zango, unguwar Hausawa, ba su koma ba. A gidanta in an tambaye ka wa ya fasa tulu, ko ka ce ni ne ko ka ce ba ni ba ne, babu ta uku. Na tashi ina sayar da koko da ƙosai da safe, ina iya ƙarar da tukunya guda ban ce komai ba ban da amsa gaisuwa. 'Yan unguwa sun yi ta mamakin aurenmu, suna cewa an haɗa ganga da turmi. Abin da ba su sani ba, a duk faɗin Tamale shi kaɗai ne yake iya sa ni dariya, kuma ya ɗauki abin tamkar sana'a ta biyu. Tun daga ranar da aka kai ni ɗakinsa bai kira sunana ba. 'Yar Gwaggo yake ce mini.

A shekarar da nake ba ku labari, Turawa suna nan da mulkinsu, ko da yake an fara raɗe-raɗin za su tafi. Da farkon damina wata babbar mota ta shigo gari da akwatuna, da wani siririn Bature mai jan wuya, da akawunsa, wani mutumin Dagomba da ake kira Ticha Yakubu. Sinima suka zo ɗauka, irin wanda motar gwamnati take yawo da shi ƙauye-ƙauye ana haska wa mutane a farin ƙyalle. Suna neman namiji da mace, amma babu uban da zai ba da 'yarsa ta zauna a tabarma ɗaya da ƙato, babu kuma mijin da zai ba da matarsa. Sai wani ya ba su shawara su nemi miji da mata na gaskiya. Babanku ya ji, ya rufe keke, ya je ya ba da sunanmu, sannan ya dawo gida ya tambaye ni ko na yarda.

Washegari suka zo wurin tukunyata suka tsaya suna kallona. Ticha Yakubu yana jin Hausa irin ta kasuwa, wadda ba ta raba mace da namiji.

"Bature ya ce matarka ya yi daidai," ya ce wa babanku. "Kai magana da yawa, shi magana babu. Haka labari yake so."

Gwaggo ta ji labari ta zo har gida da zanenta a kafaɗa.

"Ke Salamatu, yanzu inuwarki za ki ba Nasara ya sa a akwati ya tafi da ita?"

"Gwaggo, ai inuwa ce kawai," in ji babanku. "Ita kanta tana nan, ni ne mai gadinta. Kuma in aka haska ta a Akra, Gwamna da kansa zai aiko a tambayi wa ya raini yarinyar nan."

Gwaggo ta ja tsaki, amma na ga gefen bakinta ya motsa. Ni ma na yarda ne don na ga yadda idonsa yake ƙyalli.

Labarin sinimar ba shi da wuya. Wani miji ne mai surutu, sunansa Musa, da matarsa mai shiru, sunanta Azumi. Suna son juna. Azumi ta fara fita da rana a ɓoye tana koyon karatu don ta ba shi mamaki, shi kuma ya ga tana ɓoye-ɓoye ya zarge ta da bin wani. Ya kore ta, daga baya gaskiya ta fito, ya bi ta gidan iyayenta yana roƙo, suka shirya. Baturen bai so rufin kwano na zango ba, ɗakunan ciyawa yake so, don haka aka kai mu Choggu, wanda a lokacin ƙauye ne a bayan gari, sai gonaki da itatuwan kaɗanya. Kullum in na gama sayar da koko, sai in bar ka wurin Gwaggo, Ɗanlami, mu hau motar. Ke kuwa Adiza kina cikina, amma cikin bai fito ba, ko babanki ban gaya wa ba tukuna.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ku fahimta, domin a kansa komai ya rataya. Injin da suke ɗaukar sinimar da shi yana gani, amma ba ya ji. Hoto kaɗai yake ɗauka. Ranar da za a haska, wani ne zai tsaya da lasifika yana gaya wa mutane abin da ake cewa. Ticha Yakubu ya ce mana mu motsa baki kawai, mu faɗi duk abin da muka ga dama. To, an gaya wa babanku ya faɗi abin da ya ga dama, kun san sauran. Ana jan igiya a tsayar da mutanen ƙauye can nesa, Baturen ya lulluɓe kansa a bayan injin, daga ni sai shi a tsakar gidan. Zai durƙusa a gabana a gindin ɗorawa, fuskarsa kamar zai narke don so, hannu a ƙirji, yana cewa a hankali:

"'Yar Gwaggo, miyar jiya gishiri ya yi yawa. Ko kuka kika yi a cikin tukunyar?"

Ni kuma in ciji leɓe in sunkuyar da kai, Baturen yana murna wai na iya kunya. Ba sa bin labarin a jere, sai yadda rana da hadari suka ba su. Har shiryawar ƙarshe an ɗauke ta kafin faɗan. Ba zan ɓoye muku ba, kwanakin nan su ne mafi daɗi a aurena. Ban taɓa samun babanku ni kaɗai da rana tsaka ba sai a Choggu, babu abokan rumfa, babu masu jiran ɗinki, duk surutun nawa ne.

Sai ranar faɗan ta zo. Hadari ya haɗo daga gabas, Baturen yana ta kallon sama yana gaggawa. Aka tsayar da ni a bakin ɗaki da ƙullin kaya a hannu, babanku zai fito a fusace ya kore ni. Ya fito kuwa, ido jawur, yana nuna ni da yatsa, ya ce:

"Wallahi in kika ƙara dafa mini wake da shinkafa babu barkono, sai na kai ƙararki gaban Gwamna!"

Na fashe da dariya har ƙullin ya faɗi. Aka sake. Wannan karon bai ce komai ba, ya dai buɗa hanci kamar bijimi, na sake fashewa har da hawaye. Baturen ya cire hularsa ya buga da ƙasa, ya yi ta faɗa da Turanci. Ticha Yakubu ya fassara da ƙarfi, da Hausa sannan da Dagombanci, wai zaren da hoto yake hawa daga Ingila ake kawo shi a jirgin ruwa, ba a gona ake shuka shi ba, kuma wai an ce masa an samo gwani ashe wawan sarki aka kawo masa. Mutanen da ke bayan igiya suka kwashe da dariya. Babanku yana iya kwana da yunwa yana raha, amma ba ya iya ɗaukar a yi dariyarsa in ba shi ya shirya ta ba. Na ga wuyansa ya kumbura.

"Bature ya ce ka ɗaga yatsa uku," in ji Ticha Yakubu. "Ya ji haka Musulmi yake yi in zai kori mata. Ka yi shi ya daina dariya. Ruwa yana zuwa."

Aka sake tsayar da mu. Ya fito, ya tako har gabana da wata fuska da ban taɓa gani ba. Ya ɗaga yatsu uku. Muryarsa ba ta wuce tsakanina da shi ba.

"Salamatu. Na sake ki, saki uku."

Ban san abin da fuskata ta yi ba, amma Baturen ya fito daga bayan injin yana tafi. Ruwa ya sauko, aka ruga da akwatuna. A cikin mota babanku ya matso kusa da ni yana ta washe baki, jikinsa duk a jiƙe.

"Kin gani? Na san abin da zai kashe dariyar nan. Da na ce Azumi da har yanzu kina ƙyalƙyalawa."

Alfahari yake yi da gwanintarsa, har ga Allah bai ga komai a ciki ba. Ni kuwa na san abin da kalmomin nan suke nufi.

Ashe a cikin masu kallo akwai wata mata 'yar unguwarmu da ta je sarin man kaɗe. Ba ta ji komai ba, amma ta ga yatsun. Kafin Juma'a babu gidan da ba a ɗaga yatsu uku a zango ba, sai ga saƙo daga liman yana neman mu. Da safen ranar da za mu je ina gaban kasko ina suyar ƙosai babanku ya zo ya tsuguna kusa da ni, abin da bai saba yi ba.

"Na tambayi masu karatu," ya ce. "In Azumi na ce, babu komai, Azumi ba matar kowa ba ce. Haka zan faɗa."

Na juya ƙosai.

"Babu wanda ya ji sai ke. Injin ma kurma ne. Ban ce ki yi ƙarya ba, 'Yar Gwaggo, na san ba ki iya ba. Shiru kawai za ki yi. Shiru ai sana'arki ce."

Na ce masa to. Ku rubuta wannan ma a cikin lissafinku, na ce to, kuma da niyyar yin shirun na bar gida.

Liman tsoho ne mai sanyin hali, shi ya ɗaura mana aure. Ni da Gwaggo aka zaunar da mu daga bayan asabari, maza suna cikin zaure. Ya yi bayani a hankali, ya ce saki ba ya cikin abin da ake wasa da shi, in mutum ya fuskanci matarsa ya kira ta ya furta, to ya auku, ko da dariya yake yi. In kuwa labarin wasu yake bayarwa, wannan dabam. Ya tambayi babanku da wane suna ya kira. Babanku ya ce Azumi, ya kuma ƙawata maganar da yadda hadari ya taso da yadda Bature ya buga hula, har na ji wasu suna dariya ƙasa-ƙasa. Liman bai tambaye ni ba. Na gane da gangan ya ƙi, ƙofa yake buɗe mana mu fita. Amma wani malami daga cikin na zaune ya ce magana ta riga ta cika gari, ba za ta kwanta ba sai da rantsuwa, a kawo Alƙur'ani mai gida ya dafa. Ba da son ransa ba liman ya ce a kawo. Babanku ko gezau bai yi ba. Ya miƙe ya ɗauki buta ya fita bakin zaure yin alwala, daidai inda nake hango ƙafafunsa ta ƙasan asabarin.

Ina jin zubar ruwan. Ya wanke hannu, ya kuskure baki, bakin nan da zai rantse da shi. A nan ne shirun ya gagare ni. Da maganarsa ce kawai irin ta rumfa, da na bar ta ta wuce kamar yadda na bar kuraye da yawa sun wuce. Amma wannan zai ɗora hannu a kan Littafin Allah ya yi ƙarya, kuma saboda ni zai yi. Zai ɗauki wannan kaya har kabarinsa, ni kuma in koma ɗakinsa in zauna da mutumin da na san ba mijina ba ne, in haifi abin da ke cikina in ci gaba da haihuwa a haka, kullum ya shigo yana ba ni dariya mu biyu mun sani. Na kuma san halinsa, bayan shekara guda shi zai gaskata cewa Azumi ya ce, ya bar ni ni kaɗai da sanin. Ya wanke ƙafar dama, ya kama ta hagu. Na ji muryata ta fita kafin in shirya ta.

"Allah ya gafarta Malam, kada a bari ya dafa. Sunana ya kira."

Gwaggo ta damƙe cinyata har sai da farcenta ya shiga. Liman ya yi salati a hankali, ya sa aka mayar da Alƙur'anin cikin gafakarsa. Babanku ya zagayo ya ɗaga asabarin, ruwa yana ɗiga daga gemunsa, ya dube ni. Ba fushi na gani ba, mamaki ne, irin na yaron da uwarsa ta mara a gaban baƙi.

"'Yar Gwaggo," ya ce, "yau kika ga damar magana?"

A ranar na koma gidan Gwaggo. Da aka san ina da ciki sai aka ce iddata sai na haihu, don haka na zauna a ƙaramin ɗakin da na yi 'yammatanci, ina kallon damina tana wucewa. Gwaggo ba ta taɓa cewa na yi daidai ba, ba ta kuma ce na yi kuskure ba. Takan dangwarar mini da kwanon tuwo ta ce:

"Ci. Ni na koya miki, ba ni da bakin magana."

Na ci gaba da sayar da koko. Ciniki ma ya ƙaru, domin mata suna zuwa har daga unguwar Nyanshegu su ga matar da ta saki kanta. Suna saye suna kallona, ni ina zuba musu. Abin da ya fi ci mini rai ba kallon ba ne. Da can ina zaton ni mai son shiru ce. Sai da aka janye surutun babanku na gane shiruna a jikin surutunsa yake jingine. Gidan Gwaggo mu biyu ne, ita ba ta magana, ni ba na yi, sai ƙarar muciya da kukan kaji. In wani abin dariya ya faru a bakin tukunya, sai in kama kaina ina adana shi don in ji yadda zai mayar da shi in ya dawo da yamma, sannan in tuna. Na yi kewarsa ƙwarai, har ina bin hanyar da ta fi nisa zuwa rijiya don in ji ƙarar kekensa daga bayan rumfuna, ban taɓa leƙawa ba. Kai Ɗanlami kana zuwa ka wuni wurina, ka koma wurinsa ka kwana, kana kawo mini guntayen labaransa da bakinka na yara, ni kuma ina tsince su ɗaya-ɗaya.

Da na haife ki, Adiza, ya yi duk abin da uba yake yi. Ya kawo rago, ya ɗinka miki 'yan riguna masu ado kamar na 'yar sarki. Bayan na gama wanka ya aiko a kira ni ƙofar gida. Ya rame, amma bakin yana nan.

"Na samo hanya," ya ce. "Akwai wani abokina direba, mutumin kirki, yana bin hanyar Bolga. Za a ɗaura muku aure, ki kwana biyu a gidansa, ya sake ki, ki yi idda, ki dawo ɗakinki. Ana yi, ba a kanmu aka fara kisan wuta ba."

"Shi ya ɗaura da niyyar saki, ni in shiga da niyyar fita, liman ya shafa fatiha kamar bai sani ba?"

"To mene ne a ciki?"

"Wata sinimar ke nan," na ce. "Wannan karon kuma Wanda ake yi wa yana ji."

Ya murza hularsa a hannu.

"Ke dai kin fi son gaskiya da ni," ya ce.

Amsar tana cikina, amma ni maganata takan iso ne bayan mai ita ya tafi. Ga ta nan yanzu, ku ji a madadinsa. Ban fi son gaskiya da shi ba. Da ba na sonsa da na bar shi ya dafa Alƙur'anin, in koma ɗakina in ci tuwona. Shi a wurinsa so shi ne ka yi wa mutum ƙarya don ka riƙe shi, ni a wurina so shi ne kada ka bari ya hallaka kansa dominka. Kowannenmu ya ba ɗan'uwansa mafi tsadar abin da yake da shi, kowanne kuma ya karɓa a matsayin mari.

Bai iya zaman Tamale ba bayan wannan. Rumfarsa ta zama wurin da ake ba da labarinsa maimakon wurin da yake ba da na wasu. Ya ɗaure kekensa ya hau motar doya zuwa Kumasi, ya tafi da kai, Ɗanlami, domin ɗa namiji na uba ne, haka kowa ya ce, ni ma ban ja ba. Na raka ku tasha da Adiza a baya. Kana ta murna za ka hau mota, ka zauna a kan buhu kana ɗaga mini hannu biyu. Ban sake ganinka ba sai da gemu ya fito maka.

Bayan wata damina ta zo ta wuce sai aka yi shela a gari cewa motar sinima ta iso, za a haska wasan da aka ɗauka a Choggu, a fili, da an idar da magariba. Gwaggo ta ce kada in je. Na goya ki na tafi, na tsaya can baya cikin matan ƙauye da ba su san ni ba. Ba don in ga kaina na je ba. So nake in ga wurin nan, in ga fuskarsa da yatsun, in ga abin da na ba da miji da ɗa a kansa, ko ya kai. Ticha Yakubu ne riƙe da lasifika. Sai ga babanku a jikin ƙyalle, ya fi girman mutum, yana durƙushe a gindin ɗorawa da hannu a ƙirji. Ticha Yakubu yana cewa, "Musa ya ce, Azumi, kai ne hasken idona," ni kuwa ina karanta gishirin miya a leɓensa. Na yi dariya ni kaɗai a wurin da kowa ya yi tsit, har wata ta waiwayo ta harare ni.

Labari ya tafi. Azumi tana fita a ɓoye, Musa yana leƙe ta bayan danga, ransa yana ɓaci. Na gyara tsayuwa, na riƙe bakin zanena. Sai kawai na ga Azumi a kan hanya da ƙullin kaya a ka, tana tafiya gidan iyayenta. Babu bakin ɗaki, babu yatsu. Na ce ko gaba za su kawo shi. Musa ya gano gaskiya, ya bi ta, ya durƙusa, ta ɗago shi, suka koma gida suna cin tuwo a kwano ɗaya, mutane suna tafi da guɗa. Ƙyallen ya yi fari.

Na kutsa cikin jama'a har gindin motar. Ticha Yakubu yana naɗe waya, ya gan ni ya washe baki.

"Ah, Azumi! Ka ga kanka? Ya yi kyau paa, sosai!"

"Ina wurin yatsun?"

Ya ɗan yi tunani kafin ya tuna.

"Oho, wannan. Manya a Akra ya duba, ya ce zai ɓata ran Musulmi. An yanke shi da almakashi, an zubar. Labari ya tafi daidai ko babu shi, ko ba haka ba?"

Na ce haka ne, domin haka ɗin ne.

Na juya zan tafi, sai wata tsohuwa 'yar Choggu ta gane fuskata a hasken fitilar motar. Ta kama hannuna da hannu biyu, ta leƙa bayana ta ga jaririya, ta yi ta murna tana kiran 'yan'uwanta su zo su ga matar cikin ƙyalle. Hausarta kaɗan ce, ta tattaro iyakar wadda take da ita.

"Mijinka yana son ka da yawa. Ni na gani da ido. Allah ya bar ku tare."

Ta tsaya tana jiran amsa, hannuna a cikin nata. Na san yadda ake gyara wa mutum magana, na yi a gaban liman da malamai. Wannan tsohuwa ban gyara mata ba. Na ce amin, na gyara goyonki, na kama hanyar gidan Gwaggo.